Hoton Sikanin Ba Na Kyamara Ba Ne, Lissafi Ne

 

Zancenmu na yau a kan 'yar takardar nan ne mai santsi, baƙa da ratsin fari-fari, wadda ake maƙala miki a jikin katin awo bayan an yi miki sikanin. Da wuya a sami mai haihuwa a birni yanzu da ba ta da irinta a ƙasan akwati. Kuma da wuya a zauna a gidan suna a tashi ba a ci naman wannan takarda ba. Wannan ta ce an ba ta rana, ranar ta wuce da sati biyu ba ko ciwon mara. Waccan ta ce an ce mata namiji ne, ta sayi kaya shuɗaye, sai ga mace. Wata kuma, Allah sarki, ta ɗauki abin da aka rubuta tamkar yankan wuƙa, ranar na cika ta tayar da hankalin gida a kai ta asibiti a sa mata ruwan naƙuda. Da mai ƙaryatawa da mai gaskatawa ido rufe, kuskurensu ɗaya ne. Dukkansu sun ɗauka akwai wata kyamara da ke leƙa cikin mace ta ɗauko hoton abin da ke ciki.

Duk wadda ta san Sakkwato ta san Gawon Nama, ta kuma san a nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, a kan titin Garba Nadama. Mata na zuwa nan daga Wamakko da Kware da Boɗinga da Illela, daga Kabi da Zamfara, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka daga Jamhuriyar Nijar. Ban da shi ga Asibitin Ƙwararru, ga Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ga ɗakunan hoto masu zaman kansu a unguwanni. Wato dai na'urar ta zo mana har ƙofar gida. Mace za ta biya kuɗin mota, ta biya na hoto, ta sha ruwa ta matse fitsari cikin zafin bazarar Sakkwato tana jiran layi, a ƙarshe ta fito da takardar da ba ta san yadda aka same ta ba. A ganina wadda ta sha wannan wahala ta cancanci a yi mata bayani.

To ga yadda abin yake. Kin taɓa leƙa rijiya mai zurfi kika yi magana, muryarki ta dawo miki? Idan rijiyar gajera ce nan take za ta dawo, idan mai zurfi ce sai ta ɗan jinkirta. Ko kuma ki tuna da damina: kina ganin walƙiya, sai daga baya ki ji tsawa. Idan kika ƙirga daƙiƙa 3 tsakaninsu, to inda ta faɗi ya kai nisan kilomita 1 daga gare ki. Wato idan an san gudun sauti, aka kuma auna lokacin da ya ɗauka, an san nisa ke nan. Da wannan dabara jemage ke yawo cikin duhu ba ya karo da bango; yana yin wani siririn kuka da kunnenmu ba ya ji, ya saurari dawowarsa. Na'urar sikanin ba ta da ido ko ɗaya. Kunne gare ta, sai kwamfuta mai lissafi.

Asalin abin ma ba don mata aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1880 wasu 'yan uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsu masu ƙyalli da ke fitar da lantarki idan an matse su. Daga baya aka tabbatar idan an ba su lantarki su ma suna girgiza. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi amfani da wannan wajen neman jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin teku, daga nan maƙera suka ɗauka suna neman tsaga a cikin ƙarfe. A 1955 wani likitan mata a birnin Glasgow na Birtaniya, Ian Donald, ya kwashi ƙari iri-iri da aka ciro daga cikin mata a tiyata, ya tafi da su wata masana'antar tukwanen ƙarfe, ya gwada su da na'urar neman tsaga. Sai ya ga amon ƙari mai tauri daban yake da na mai ruwa. Shi da wani injiniya, Tom Brown, da wani likita, John MacVicar, suka buga sakamakon aikinsu a mujallar likitoci ta Lancet a 1958. Daga nan hoton ciki ya samo asali.

Kan na'urar nan da ake goga miki a ciki, a bakinsa akwai 'yan ƙananan ɓangarori jere reras kamar haƙoran mataji, galibi 128 ko fiye. Kowannensu baki ne kuma kunne ne. Yana fitar da ɗan gajeren sauti, sai ya yi tsit yana saurare, kuma sauraren ya fi maganar yawa nesa ba kusa ba. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa wanda ake duba mai ciki da shi yana kaɗawa sau miliyan 3 zuwa 5. Man nan mai sanyi da yauƙi da ake shafa miki, wanda wasu ke zaton magani ne, aikinsa ɗaya: ya kori iska daga tsakanin na'ura da fata. Domin kuwa in akwai iska komai ƙanƙantarta, kusan duk sautin zai koma baya tun bai shiga jiki ba.

Sautin na shiga, duk inda ya tarar da iyaka tsakanin abu biyu mabambanta, kamar tsoka da ruwa, ko ruwa da ƙashin kan jariri, sai wani sashe nasa ya dawo, saura ya wuce gaba. Abin da ke isa ga kwamfuta ba hoto ba ne ko kaɗan, lambobi ne zalla: amo kaza ya dawo a lokaci kaza da ƙarfi kaza. An riga an gaya wa kwamfutar cewa sauti na gudun mita 1,540 a daƙiƙa a cikin naman jiki. Saboda haka idan amo ya dawo bayan kashi 130 cikin miliyan na daƙiƙa, sai ta ce tafiya da dawowa santimita 20 ne, a raba biyu, abin yana zurfin santimita 10. Sai ta ɗiga ɗigo a wannan wuri. Ki riƙe lambar nan ta 1,540, za mu dawo kanta, don a nan wata matsala take.

Wannan ya ba mu zurfi. Amma ta yaya za a san ko daga dama amon ya fito ko daga hagu? A nan ne gwanintar take, kuma bari in kawo miki misali daga tsakar gida. A ce an jera mata 128 a jikin doguwar katanga, an rufe musu ido, sai wata a can cikin unguwa ta buga taɓarya a turmi sau ɗaya. Wadda ta fi kusa da gidan ita za ta fara ji, ta kusa da ita ta biyo baya da ɗan ƙiris, har zuwa ta ƙarshen layi. Idan kowacce ta faɗi daidai lokacin da ta ji, mai lissafi zai iya nuna gidan da aka yi dakan ba tare da ya gan shi ba. Haka kwamfutar ke yi, sai dai ita ta baya take biyowa. Takan ɗauki wuri ɗaya a cikin jiki ta ce: in da daga nan amo ya taso, yaushe zai isa kunne na 1, yaushe zai isa na 2, har zuwa na 128? Sai ta jinkirta abin da kunnuwan kusa suka ji don su jira na nesa, sannan ta tara su gaba ɗaya. In da gaske akwai abu a wurin, amon duka zai faɗo tare ya yi ƙarfi, kamar tafin 'yan mata idan ya zo ɗaya. In babu komai, sai su saɓa, wani ya kashe wani, wurin ya fito baƙi. Jinkirtawa da tarawa, shi ne sunan wannan dabara a wajen masana, kuma har yau ita ce ginshiƙin yawancin na'urorin da ake aiki da su. Haka za ta bi ɗigo bayan ɗigo har ta gama layi guda, ta koma na gaba.

Ko bayan wannan aiki bai ƙare ba. Amon da ya fito daga can ƙasa ya gaji a hanya, ya raunana, don haka kwamfuta na ƙara masa murya gwargwadon zurfinsa kamar yadda kike murɗa rediyo idan tasha ta yi nisa. Sannan bambancin amo mafi ƙarfi da mafi rauni ya ninka dubbai, ido ba zai iya ɗauka ba, sai ta matse shi zuwa launin toka hawa-hawa tsakanin baƙi da fari. Kin lura hoton yakan fito kamar mafici, tsukakke a sama, buɗaɗɗe a ƙasa? Layukan ne ke bajewa. To a can ƙasa inda suka yi wa juna nisa akwai giɓi a tsakaninsu, kuma kwamfuta ce ke cike giɓin da ƙiyasi daga ɗigon da ke maƙwabtaka, kamar mai cike ɗinkin hula. Duk wannan tana gama shi ta sake sabo sau 20 ko 30 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kike ganin ɗanki na motsi. Wannan tsaki-tsakin da ke rufe hoton kuwa ba datti ba ne, ba kuma ciwo ba ne, karon ƙananan amo ne da juna.

Da kin gane wannan, kin iya rabin karatun takardar. Ruwa ba ya mayar da amo, saboda haka fitsari a mafitsara da ruwan da jariri ke kwance a ciki baƙi suke fitowa. Ƙashi yana mayarwa da ƙarfi, sai ya fito fari tas. Cika mafitsara da ake sa ki yi idan ciki yana ƙarami ba mugunta ba ce: cikakkiyar mafitsara na ture hanji gefe, ta zama taga da sauti zai bi ya isa mahaifa. Idan kuma aka ce za a yi ta gaba, da siririn kan na'ura, to a nan mafitsara a wofi ake so, hoton kuma ya fi fitowa don an matso kusa. Kina da damar ki nemi mace ta yi miki, ko a tsayar da ma'aikaciya mace a ɗakin.

Yanzu mu koma kan 1,540. Wannan lamba matsakaici ce kawai. A cikin kitse sauti bai kai haka gudu ba, wajen 1,450 yake yi. A tsoka ya ɗan fi. A ƙashi ya ninka. Kwamfuta kuwa ta ɗauka ko'ina ɗaya ne, ta kuma ɗauka sauti a miƙe yake tafiya ya dawo a miƙe. Idan mace na da teɓa sosai, lokutan da ta lissafa wa kunnuwan nan sai su ɗan goce, tafin ya daina zuwa ɗaya, hoto ya yi dishi-dishi, ga shi kuma sautin ya gaji kafin ya isa. Ba laifin mai hoto ba ne, ba kuma abin jin haushi ba ne idan ya rubuta cewa bai ga wasu sassa da kyau ba. Wanda ya rubuta haka ma shi ne mai gaskiya. Ƙashi da iskar hanji kuma suna tare hanya, duk abin da ke bayansu sai ya faɗa cikin inuwa. Wani lokaci amo kan yi ta kai da komo tsakanin abu biyu kafin ya dawo, kwamfuta ta ga ya daɗe, ta zana shi a can ƙasa inda babu komai. Har abu ɗaya yakan fito biyu kamar a madubi. Masu aikin sun san waɗannan ruɗu, ana koyar da su, kuma sanin su ne ya raba ƙwararre da wanda ya sayi na'ura kawai ya kafa allo a bakin titi.

Ƙari a kan haka, abin da ke fitowa yanka ɗaya ne siriri, kamar ki yanka kankana ki dubi fuskar yankan. Mai hoto ne ke juya hannu ya zaɓi inda za a yanka. In ya karkace, awo ya karkace.

To ina ranar haihuwa ta fito? A nan akwai lissafi na biyu a kan na farko. Na'ura ba ta san ranar da kika ɗauki ciki ba. Mai hoto ne ke auna jariri a fuskar allo, kwamfuta ta kwatanta awon da jadawalin da aka ɗura mata, wanda aka tattara daga awon jarirai masu yawa, ta ce mai wannan girma yawanci satinsa kaza. A watanni ukun farko ana auna tsawonsa daga tsakar ka zuwa mazaunai: wajen santimita 3 a sati 10, kusan 6 a sati 12. A wannan lokaci 'ya'yan kowa kusan girmansu ɗaya, ɗan doguwa da ɗan gajera, don haka kuskuren bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Daga sati 14 zuwa wajen 22 kuskuren na iya kai kwana 7 zuwa 10, daga nan zuwa sati 28 ya kai sati 2. Amma daga sati 28 zuwa sama, lokacin da gado da abinci da lafiyar uwa suka sa kowane yaro ya kama nasa girman, kuskuren na kai sati 3 ko fiye, gaba ko baya. Kin ga ke nan wadda ta fara zuwa hoto da cikin wata takwas, ta dawo tana cewa sikanin maƙaryaci ne, ta tambaye shi ne a lokacin da ba shi da amsa. Kuma ko ranar da aka samu da wuri, tsakiyar zango ce: cikin mata 100, waɗanda ke haihuwa a ranar cif ba su wuce 5 ba. Daga sati 37 zuwa 42 duk lokaci ne.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: idan hoton farko na da wuri ya tsayar da rana, ita ce ranar. Hoton wata bakwai ko takwas ba ya canza ta. In na baya ya nuna yaro bai kai girman satinsa ba, ba ranar za a matsar ba, tambaya za a yi me ya hana shi girma, ko hawan jini ne, ko mabiyiya ce ba ta ciyar da shi sosai. Wadda ba ta da hoton farko ba ta da abin da za a gwada na baya da shi, sai a ɗauki yaron da ke shan wahala a ce ƙaramin ciki ne.

Mu kuwa mun san halinmu. Mai cikin fari kunya ta hana ta faɗa sai ya fito ya tona kansa. Mai goyo ta yi kwanika ba ta ga al'ada ba balle ta riƙe rana. Wata da watan sama take ƙirga, likita kuma da sati yake yi, sati 40 daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato kwana 280, wanda ya kai wata tara da rabi a lissafin watan sama. Wata kuma maigida ne zai ce a bari sai ciki ya tsufa a yi sau ɗaya a huta. In dai sau ɗaya za a yi, to na farkon ne ya fi cancanta da kuɗin. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin sati 24. Kuma sanin sati ba don sayen ragon suna ba ne kawai. Idan naƙuda ta taso da wuri, da shi likita zai san ko bakwaini ne da ke buƙatar a yi wa uwa allurar ƙarfafa huhunsa. Idan ciki ya zarce sati 41, da shi za a san lokacin taimakawa ya yi, kada a tayar da naƙudar yaron da bai nuna ba, kada kuma a bar wanda ya wuce lokaci.

Nauyin jariri ma haka. Babu sikeli a cikin mahaifa. Ana auna faɗin kai da kewayensa, da kewayen tumbi, da tsawon ƙashin cinya, a zuba cikin wani lissafi. Wanda aka fi amfani da shi na Dakta Frank Hadlock ne da abokan aikinsa na birnin Houston a Amurka, tun na 1985. Kuskurensa kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wato in an rubuta kilo 3, yaro na iya zuwa da 2.6, yana iya zuwa da 3.4. Kuma kuskuren ya fi yawa a manyan jarirai, inda aka fi tsorata mace. Saboda haka lambar nauyi ita kaɗai ba ta yanke hukuncin tiyata, likita na haɗa ta da tarihin haihuwarki da abin da hannunsa ya ji.

Batun namiji ko mace kuwa, wanda shi ne ke kai da yawanmu ɗakin hoto, nan babu ma lissafi, idon mai hoto ne a kan yanka ɗaya siriri. Kafin sati 13 ko 14 gaban namiji da na mace sun yi kama. Daga sati 18 zuwa 20 ana iya gani sosai in yaro ya buɗe ƙafa, amma cibiya na iya ratsawa tsakanin cinyoyi ta ruɗi ido, yaro kuma na iya juya baya. Abin takaici ne a ce mace ta fito daga ɗakin hoto tana kuka an ce mace ce, ba ta ko tambayi ina mabiyiya take ba. A Indiya sai da gwamnati ta kafa doka a 1994 ta hana faɗin jinsin abin da ke ciki, saboda zubar da cikin 'ya'ya mata ya yi yawa. Allah Ya kiyashe mu da kaiwa can.

Kada duk wannan ya sa ki raina na'urar, domin a inda take da ƙarfi babu kamarta. Tana nuna ko cikin yana cikin mahaifa ko ya tsaya a hanya, wanda in ya fashe mace na iya zubar da jini a ciki har ta rasa ranta. Duk mai ƙaramin ciki da ke jin ciwon gefen mara, da jini ko jiri, asibiti za ta nufa a ranar. Tana nuna bugun zuciya tun wajen sati 6 zuwa 7. Tana nuna tagwaye, kuma kafin sati 14 ne aka fi gane ko mabiyiya ɗaya suke rabawa, wanda ke buƙatar ƙarin sa ido. Mai zaton cikinta ya kwanta, wata da watanni ba girma ba motsi, hoto zai nuna mata ko cikin ne ya lalace bai fita ba, ko ƙari ne a mahaifa. Tsakanin sati 18 da 22 ana bin sassan jariri ɗaya bayan ɗaya, kai da ƙashin baya da zuciya da ƙoda, kodayake ba kowace matsala ake gani ba. A ƙarshen ciki tana nuna ko yaro a zaune yake ko a gicciye. Sai uwa uba mazaunin mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya. Idan ta tare bakin mahaifa, haihuwa a gida ganganci ne da rai. Amma in a sati 20 aka ce miki ta yi ƙasa, kada ki hana kanki barci: wajen 9 cikin 10 sukan yi sama yayin da mahaifa ke buɗewa, sai dai dole a sake dubawa wajen sati 32. Kuma duk mai tsohon ciki da ta ga jini, ko babu ciwo, kada ta yarda kowa ya sa mata hannu, ungozoma ce ko waye, sai an yi hoto an san inda mabiyiya take.

Launin ja da shuɗi da kike gani wani lokaci shi ma zanen kwamfuta ne. Ta auna yadda amo ke canza murya idan ya dawo daga jini mai gudu, kamar yadda ƙarar babur ke canzawa in ya nufo ki da in ya wuce, abin da Christian Doppler na Ostiriya ya bayyana a 1842. A yadda aka saba saitawa, ja na nufin jinin ya nufo na'ura, shuɗi ya ba ta baya, ba wai mai kyau da marar kyau ba. Hoton nan mai nuna fuska da ake kira 3D ko 4D kuwa yanka-yanka ne masu yawa aka jera, kwamfuta ta lulluɓe su da fata, ta shafa musu launin zinariya da haske na ƙirƙira. Yana da amfaninsa a wajen likita, amma awon da ake buƙata da baƙi-da-farin nan ake yi. Sikanin ba shi da irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, kuma shekaru da dama ana amfani da shi ba a tabbatar yana cutar da jariri ba in an yi shi bisa ƙa'ida. Duk da haka sauti ne mai ƙarfi da ke iya ɗan ɗumama nama, shi ya sa masana ba sa son a daɗe ana yi don nishaɗi kawai.

Lissafin kuma bai tsaya nan ba. Yanzu akwai kan na'ura da ake jonawa da wayar hannu, irin su Butterfly iQ da ya fito kasuwa a 2018. A 2022 masu bincike na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsu a Zambiya suka buga sakamakon wani gwaji: a shafa na'ura a kan ciki sama da ƙasa, dama da hagu, ba tare da neman komai ba, sai kwamfutar da aka horar da hotunan dubban mata ta faɗi satin ciki, kuma amsarta ta yi daidai da ta ƙwararrun masu awo. In irin wannan ya yaɗu, matar ƙauyen da ke da nisa da Gawon Nama za ta iya sanin satinta a ƙaramin asibitin garinsu. Sai dai ita ma wannan kwamfuta ƙiyasi take yi daga abin da aka koya mata, kuma ba ita za ta yi wa mai tararriyar mabiyiya tiyata ba.

In za ki je, ki tafi da katin awo da duk tsofaffin takardun hoto, musamman na farko, ki adana shi nesa da rana da zafi don irin takardar na dushewa. Ki ɗauke shi a waya ma tun yana sabo. Ki je inda likita ko ma'aikacin hoto mai rajista yake. Kafin ki sauka daga gado ki tambaya: guda nawa ne, zuciya na bugawa, sati nawa, ina mabiyiya, ruwa ya isa? Sannan ki mayar da takardar wajen wanda ya aike ki, kada ki tsaya a karatun maƙwabciya.

Wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba gwajin jini da na fitsari da ake yi a ranar awon farko.